Murfi Takwas da Aka Yi wa Walda

Akwai laifin da mutane ba sa ɗaukarsa laifi sai ya ci musu nama, shi ne raina jira. Mai wannan hali gani yake duk aikin da ba a jin ƙararsa ba aiki ba ne, kuma duk abin da ya ƙi zuwa da wuri, duka zai kawo shi. Irin wannan mutum ne Guduma, ga kuma yadda ta ƙare masa.

Su biyu uwarsu ta bari a duniya, shi da yayarsa. Yayar ta yi karatun lantarki mai zurfi, ta yi shekaru tana aiki a masana'antar wasu kafin ta buɗe nata wurin a bayan layin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Mai Awo ake ce mata, domin ba a ganinta ba mitar auna wuta a hannu. Shi kuwa mai walda ne, ƙato, wuya kamar turmi, kuma ba don yana riƙe guduma kaɗai aka laƙaba masa sunan ba. Matarsa ta san dalilin sunan. Duk wanda ya taɓa yin aiki a ƙarƙashinsa ma ya sani, shi ya sa babu wanda ya daɗe. Da shagonsa ya mutu, yayar ta jawo shi jikinta, ta ce ya riƙa ƙera mata akwatunan ƙarfe. Na ukunsu Kawu ne, ƙanen uwarsu, tsoho mai shiru wanda hannunsa bai fara rawa ba tukuna.

Aikinsu batirin keken lantarki mai ƙafa uku. Sabon batir ya fi ƙarfin talakan direba, wanda ya mutu kuma jefar da shi ake yi a kwata ya ɓata ruwa. Mai Awo ta san abin da yawancin mutane ba su sani ba: a cikin kowane batir akwai ƙwayoyi ɗaruruwa, kowace kamar babban yatsan mutum, kuma in batir ya mutu ba duka ƙwayoyinsa suka mutu ba. Sai ta sayi matattun, ta farke su, ta tsince masu rai, ta haɗa batir mai araha wanda direba zai iya saya bai sayar da gadon ɗakinsa ba. Murfin akwatin da noti shida take ɗaure shi, don in ƙwaya ɗaya ta gaji a buɗe a sauya ta, ba a zubar da sauran ba.

Amma tana da doka, kuma a kan dokar nan komai ya faru. Kowace ƙwaya sai an yi mata caji ta cika, a rubuta awonta da alli a jikinta, a jera ta a kan wata doguwar kanta ta ajiye kaya, a bar ta kwana goma sha huɗu ba mai taɓa ta. Ran na sha huɗu a sake aunawa. Wadda ta riƙe wutarta lafiyayya ce. Wadda ta zubar da wuta ita kaɗai a zaune, tana da rauni a ciki wanda ido ba ya gani, kuma irinta ce ke yin zafi ta kama da wuta. Irin wannan, Kawu zai ɗiga mata jan fenti, ya binne ta a cikin akwatin yashi mai murfin ƙarfe har masu narka ƙarafa su zo su kwashe. Bayan haka kowane batir akwai ɗan allon lantarki a cikinsa da suke kira mai gadi. Da ya ji zafi ko ya ji wata ƙwaya ta kauce wa 'yan'uwanta, sai ya yanke wutar gaba ɗaya.

Guduma ya tsani kantar nan. Yakan ce yayarsa kaza ce mai kwanci, ta tara ƙwai ta zauna a kai tana jiran su ƙyanƙyashe kuɗi. Kawu kan amsa masa da cewa ko kazar ta fi shi sanin abin da take yi, tunda ba a taɓa jin ta fasa ƙwan da guduma don ta ga ɗan tsako da wuri ba. A yi dariya a wuce, amma shi ba dariya yake yi ba.

Wata ranar Litinin da hantsi Ciyaman na ƙungiyar direbobin babbar tasha ya zo da kansa. Ya ce ƙungiya ta yarda ta gwada kayansu ranar Asabar. Keke ashirin za a sa wa, su yi aiki daga safe zuwa la'asar, su hau gada su sauka da fasinjoji. In sun jure, tashar gaba ɗaya, keke fiye da ɗari biyu, a wurinsu za ta riƙa saye. Mai Awo ta ce batir goma sha biyu ne a shirye, ƙwayoyin da ake tarawa don sauran takwas kwanansu biyar kacal a kan kanta. Ba ta rufe baki ba Guduma ya miƙa wa Ciyaman hannu, ya ce ashirin za su zo ranar Juma'a, mata dai sun iya tsoro. Ciyaman ya yi murmushi ya tafi.

Ta jira sai da ƙarar motarsa ta ɓace, sannan ta juyo.

"Ɗan uwana, da bakin wa ka yi alkawarin nan?"

"Da nawa, tunda naki ya yi nauyi."

Ta yi masa bayani a hankali, irin yadda ake yi wa wanda aka goya. Ta ce ko da za a kwashe duk abin da ke kan kanta, batir biyar zai yi, kuma ba a san lafiyayyu daga masu rauni ba tukuna. Ya ce ai ga akwatin yashi cike da ƙwayoyi, in an yi musu caji mita za ta nuna sun cika kamar kowace. Ta ce ƙarƙashin kujerar baya ake sa batir, a daidai inda mata ke zama da jarirai a cinya. Ya ce ita ba ta son kowa ya yi suna sai ita, shekara uku yana ƙera mata akwati kamar bawa, yau da dama ta zo tana so ta zauna a kai.

Ya nufi akwatin yashi. Ta riga shi, ta dafa bakin akwatin da hannun dama, ta ce sai dai ya bi ta kanta. Ya ɗaga murfin ƙarfen sama. Ta ɗauka buɗewa zai yi. Ya sako shi da dukan ƙarfinsa a kan wuyan hannunta.

Ƙarar ƙashin ta riga kukanta fita. Kawu ya rarumi sandar tsintsiya ya maka masa a gadon baya, sandar ta karye biyu. Guduma ya juyo ya cafki tsohon a wuyan riga, ya ɗaga shi ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ya yi jifa da shi a jikin kanta. Kantar ta kife. Ƙwayoyi sama da dubu suka watse a siminti suna gangarawa, masu lafiya da masu rauni suka cakuɗe, alli ya goge a ƙarƙashin takalminsa. Goshin Kawu ya tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya ya sauka a gemu. Guduma ya ja su ɗaya bayan ɗaya a ƙasa zuwa bakin titi, ya zare makullin shagon daga wuyan yayarsa har igiyar ta yanke ta, ya koma ciki ya ja ƙofa. Masu sayar da ƙarafa ne suka kwashe su zuwa asibiti.

Kwana uku ya yi yana aiki shi kaɗai, ƙofa a kulle. Ya tono ƙwayoyin yashi, ya goge jan fentin da tsumma da fetur, ya yi musu caji. Mita ta nuna sun cika, ya yi tsaki, ya ce da ma ya faɗa. Ya haɗa su da waɗanda ya share daga ƙasa, ya cika akwati takwas. Da ya gwada na farko, mai gadi ya yanke wuta. Ya sake, ya sake yankewa. Allon yana faɗa masa gaskiya, amma shi mai walda ne, kuma duk tsawon rayuwarsa in fis ɗin da ke kare injinsa ya ƙone, da guntun wayar tagulla yake ɗinke shi aiki ya ci gaba. Haka ya yi wa mai gadi. Ya tsallake shi da waya a duka takwas ɗin, wuta ta wuce ba mai hana ta. Da aka zo rufewa, ya ga huda rami shida da ɗaure noti shida a kowane akwati ɓata lokaci ne, kuma noti kowa na iya kwancewa ya leƙa. Ya jawo injinsa ya bi bakin kowane murfi da walda. Ya shafa wa ashirin ɗin shuɗin fenti iri ɗaya, ya kai su tasha ranar Juma'a, ya ɗaura kowane da hannunsa a ƙarƙashin kujera, ya rufe.

Daga gadon asibiti Mai Awo ta kira Ciyaman sau biyu. Amma Guduma ya riga ta. Ya ce masa faɗuwa ta yi, kuma tana neman jan lokaci ne don ta ƙara farashi. Ciyaman ya ce mata shi ba ya shiga tsakanin 'yan ciki ɗaya, ta kwanta ta ji da hannunta.

Ranar Asabar aka sallame ta bayan an sa mata ƙarfe a ƙashin. Ba ta biya gida ba. Ita da Kawu, goshinsa a naɗe, suka isa tasha rana na tsaka. Kekunan sun fita tun safe, wasu sun fara dawowa rumfar caji. Direbobi sun cika wurin suna yabon kaya, wani na cewa ya hau gada da mutum huɗu da buhuna biyu ko tari keken bai yi ba. Guduma na tsakiyarsu da sabuwar riga.

Ta tsaya a bakin rumfa ta ɗaga murya, ta ce takwas daga cikin ashirin ɗin nan wuta ce a kulle, a tsayar da su duka a sauke mutane. Aka yi mata caa. Wani ya ce Hajiya zafin ciwo ne, a ba ta kujera. Wani ya tambaya ko takwas ɗin sun faɗa mata sunayensu. Ta ce ba ta san waɗanne ne ba, shi ya sa ta ce duka. Aka bushe da dariya.

A lokacin akwai keke ɗaya a jikin caji, na wani direba da ake kira Baban 'Yan Biyu, wanda sati uku ke nan da ya mallaki keken. Guduma ya taka ya haye kujerar bayan, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya bubbuga kujerar da tafin hannu.

"Ga ni a kan wutar, Yaya. Zo ki auna ni."

"Sauko," in ji ta. "Don darajar wadda ta haife mu, sauko."

Kawu ne ya fara jin warin, wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na fentin farce. Ya ce a cire waya. Kafin a motsa sai ga wani huci daga ƙarƙashin kujera kamar maciji a rami, farin hayaƙi ya biyo. Guduma ya yi tsalle ya sauko yana dafe cinya. Baban 'Yan Biyu ya ruga ya fizge wayar caji, ya ɗaga kujerar yana ihu a kawo sifana a buɗe murfin. Aka miƙo sifana. Babu notin da za ta kama.

Da Guduma ya gudu a lokacin, da ya tsira da jikinsa. Amma idon tasha gaba ɗaya na kansa, kuma bai taɓa haɗuwa da abin da ƙarfi bai buɗe masa ba. Ya ture Baban 'Yan Biyu, ya rarumi ƙarfen cire taya, ya soka bakinsa a gefen murfin da ya rufe da hannunsa, ya danna. Mai Awo ta yi ihu kada ya huda. Ƙarfen ya zame ya nutse ciki.

Akwatin ya tsage da ƙara kamar an harba bindiga a ɗaki. Wuta ta fito ta gefe a miƙe, tana gurnani, ta kama hannun damansa har gwiwar hannu. Ƙwayoyin suka shiga fashewa ɗaya bayan ɗaya suna tashi sama jajur kamar harsashi. Ɗaya ta fasa gilashin motar Ciyaman. Ɗaya ta huda kwanon rumfa. Ɗaya ta sami Guduma a idon dama, ya faɗi yana birgima. Wandon Baban 'Yan Biyu ya kama, ya ruga cikin mutane yana ci da wuta har Kawu ya kayar da shi ya danne shi da tabarmar roba. Aka kwara bokitin ruwa uku, wutar ta lafa kamar ta mutu, ta sake tashi fiye da dā. Ta lashi kekuna biyu da ke kusa, tayoyinsu suka narke, baƙin hayaƙi ya rufe rana.

Sannan direbobi suka juyo kan Guduma. Mutanen da ke tafa masa ɗazu su ne suka fara. Wani ya sa masa ƙafa a baki. Wani ya zaro sarƙar ɗaure keke ya shiga zabga masa a haƙarƙari. Aka kawo bututun ƙarfe, aka kawo bulo. Yana ƙoƙarin tashi ana mayar da shi ƙasa, sabuwar rigar ta koma tsumma ja. Ciyaman na cewa a bari, ba mai jinsa. Can sai ga wani yana garo tsohuwar taya, wani na biye da shi da galan ɗin fetur.

Mai Awo ta kutsa tsakiyarsu ta faɗa a kan ƙanenta. Bututun da aka riga aka ɗaga ya sauka a kan karyayyen hannunta, ƙarfen da likita ya sa ya lanƙwashe a ciki. Numfashinta ya ɗauke na ɗan lokaci. Da ya dawo, ba ta roƙe su don zumunci ba, ta san ba za su ji ba.

"Saura bakwai a kan titi da mutane a kai," in ji ta. "Shi kaɗai ya san su. Ku kashe shi, ku kashe matanku da ke kan hanyar kasuwa."

Hannuwa suka tsaya a sama. Ta kama gashin kansa da hannun hagu ta ɗago fuskar da ba ta ƙara kama da ta kowa, ta kai kunnenta bakinsa. Ta tambaye shi yadda za a gane su. Ya tofar da jini da guntun haƙori. Sai da ta tambaya sau uku.

"Murfi," ya ce. "Walda."

Ta miƙe a kan gwiwa ta faɗa wa Ciyaman: a kira kowane direba, ya tsaya inda yake, ya sauke mutane, ya ɗaga kujera. Wanda ya ga noti shida ya kwantar da hankalinsa. Wanda ya ga walda ya tura keken nesa da gidaje, ya bar shi, kada ya zuba ruwa, kada ya taɓa. Tasha ta koma kiran waya da ihu, masu babura suka bazu kan tituna. Aka sami shida cikin rabin awa, biyu daga cikinsu murfin ya yi zafin da ba a iya dafa shi. Na bakwai direbansa bai ɗaga waya ba. Mai babur ya cim masa a kan gada, mata uku a baya da kwandunan kayan miya, hayaƙi ya riga ya fara fita tsakanin ƙafafunsu suna ce wa direba ko injinsa ne, shi kuwa yana ce musu keken lantarki ba shi da inji. Aka fizgo su ƙasa. Zanin ta ƙarshen ya kama, aka yage shi daga jikinta. Keken ya ƙone ƙurmus a tsakiyar gada, kwalta ta narke a ƙarƙashinsa, har yau tabon na nan.

Ba a rasa rai ba, kuma ba don Guduma ba. Baban 'Yan Biyu ya yi wata huɗu a kwance, yanzu da sanda yake tafiya. Hannun Mai Awo ya warke a karkace, da hagu take riƙe mita. Sai da ta shekara kafin wani direba ya sake taka ƙofarta, kuma abin da ya dawo da su shi ne goma sha biyun nan masu noti, waɗanda suka ci gaba da hawa gada ba wanda ya ko ɗumama. Ta ɗaga kantar ta kafe ta a bango. Kwanakin nan goma sha huɗu ba ta rage ko ɗaya ba.

Guduma kuwa, kwana tara aka ce ya jira. Ga abin da ya bayar a madadinsu. Idon dama. Babban yatsa da manuni da na tsakiya na hannun da yake riƙe guduma. Haƙora biyar, haƙarƙari huɗu, da jin kunnen hagu. Sana'ar walda, domin mai ido ɗaya da yatsa biyu ba ya bin layin ƙarfe. Shekara uku a gidan yari. Matarsa, wadda ta kwashe 'ya'yansu huɗu tun yana asibiti ba ta bar adireshi ba. Kawu, wanda ya rasu Guduma na tsare, ya kuma bar wasiyya cewa ya yafe goshinsa amma bai yafe hannun 'yar 'yar'uwarsa ba. Makullin shagon, wanda aka sauya. Da sunan da yake taƙama da shi, domin yanzu in ya wuce ta bakin tasha, Murfi suke ce masa.